Ragowar Alewar Kirsimeti: A Kai Ta Madafa

Bikin Kirsimeti ya wuce, sabuwar shekara ta kama, baƙi sun koma garuruwansu, yara kuma suna ta shirin makaranta. Shinkafa da nama ba su kai ko'ina ba, don ba a taɓa rasa mai cinsu ba. Abin da yakan rage a gidaje da yawa shi ne kayan zaƙi: rabin ledar Tom Tom, Buttermint da Eclairs a cikin kwano, alewa mai tsinke, Choco Milo da ya fara manne wa takardarsa, biskit ɗin da aka buɗe ba a ƙarasa ba, gutsuren kek, da cincin a ƙasan bokiti. A majami'u ma haka abin yake, domin da wuya a gama bikin yaran makarantar Lahadi ba a bar wani kwali a ɗakin ajiya ba.

Ra'ayinmu a kan wannan ragowa shi ne a kwashe ta a kai madafa tun watan Janairu bai ƙare ba, a sarrafa ta ta zama abin da iyali duka za su ci a zama ɗaya bayan abinci. Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce da ba ta isa a ɓata mata shafin jarida ba. Mu kuwa muna ganin akwai kuɗi a ciki, akwai haƙoran 'ya'yanmu, akwai kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta.

Mu fara da kuɗin, tun da shi ne kowa ya fi ji a jikinsa. Alewa mai tauri ba wani abu ba ne illa sukari da aka dafa har ruwansa ya ƙone, aka sa masa launi da ƙamshi. Ƙwaya ɗaya takan yi nauyin giram 4 zuwa 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi guda na sukari. Idan aka tara ƙwaya 30 zuwa 40, an sami kimanin cikin gwangwanin madara ke nan. Sukarin nan kuwa, ko da yake ana noman rake ana kuma tace shi a Numan ta jihar Adamawa da Sunti ta jihar Neja, mafi yawan wanda muke sha ɗanyensa ake shigowa da shi daga ƙasar Brazil a jirgin ruwa, a tace a Legas. Abin da aka saya da dala, dala ce ke yanka masa farashi. Duk uwargidan da ke zuwa kasuwa ta ga yadda mudun sukari ya yi tsalle bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na wannan shekarar. Cakulan kuwa nasa ya fi haka, domin a 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan, saboda amfanin gona ya lalace a Ghana da Kwaddibuwa. Saboda haka wanda ya share ragowar alewa ya kai bola, ya san cewa sukari ya zubar, kuma gobe zai ɗauki kuɗi ya je kanti ya sayo wani. Mu da muka tashi muna jin labarin kwanduna 12 na gutsattsarin da aka tattara bayan mutum 5,000 sun ci sun ƙoshi, ba sai an yi mana doguwar magana a nan ba.

Amma gaskiya masu zubarwa ba su da yawa. Abin da aka fi yi shi ne a zuba komai a cikin gwangwanin Bournvita, a ɗora a kan kabad, yara su riƙa zuwa suna ɗauka. Ɗaya da safe kafin a tafi makaranta, ɗaya an dawo, biyu da yamma don a yi shiru baba yana hutawa, wata kuma a kwanta da ita a kumatu. Haka za a yi ta yi har mako 3 ko 4, kuma a ganin iyaye wannan shi ne tattali, tun da ba a bari sun cinye a rana ɗaya ba. To a nan ne muke so mu daɗe kaɗan, domin wannan tattalin shi ne ya fi ɓarna.

Ga yadda haƙori ke ruɓewa. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a bakin kowa, a cikin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙora. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon haƙori. Cikin 'yan mintoci tsamin yake tashi, sa'an nan yawu ya ɗauki kamar rabin sa'a ko fiye kafin ya wanke shi, ya fara gyara abin da ya zaizaye. Idan an sha zaƙi sau ɗaya tare da abinci, hari ɗaya ke nan, haƙori kuma ya sami sauran yini yana farfaɗowa. Idan kuwa yaro yana tsotsar alewa sau 6 a yini, kowace tana minti 10 a bakinsa kafin ta narke, to haƙorinsa a cikin tsami ya yini. Ta dare ita ce mafi muni, don yawu yakan ragu sosai in mutum yana barci.

Wannan ba zato ba ne. An gano shi ta wata hanya mai ban takaici a asibitin Vipeholm da ke birnin Lund a ƙasar Suwidin, inda daga 1945 aka yi gwaji a kan ɗaruruwan majinyata masu raunin ƙwaƙwalwa, ba tare da an nemi yardarsu ba. Wasu aka ba su sukari tare da abinci, wasu kuma aka riƙa ba su wata alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, har ƙwaya 24 a yini. Da aka buga sakamakon a 1954, sai ya nuna waɗanda suka sha sukarinsu a lokacin abinci haƙoransu ba su lalace sosai ba, masu tsotsar alewa a tsakani kuwa nasu sun ruɓe ƙwarai. Abin da aka yi wa bayin Allah nan zalunci ne, kuma yau ba hukumar da za ta yarda a maimaita shi. Amma daga nan ne mutanen Suwidin suka ɗauki al'adar da suke bi har yanzu, ta ba yara alewa ranar Asabar kaɗai. Su da suke da likitocin haƙori a kowace unguwa ke nan. Mu fa, da a ƙauyuka da yawa sai an shiga mota an je babban asibiti kafin a ga mai duba haƙori, kuma sau da yawa in an je cirewa ce kawai ta rage?

To ga inda madafa ta shigo. Alewa 40 da yaro ɗaya ko biyu za su yi mako 2 suna tsotsa, in aka narkar da ita aka zuba gyaɗa, ta zama faranti guda na alewar gyaɗa da mutum 10 za su raba bayan abincin rana na Lahadi, a sha ruwa, a wanke baki, magana ta ƙare.

Mun san abin da masu kula da lafiya za su ce: sukari ai sukari ne, ko an tsotse shi ko an dafa shi. Gaskiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, kuma in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Na yaro bai kai wannan ba. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason. Dafa alewa ba ya rage mata ko giram ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya raba ta ga bakuna da yawa, ya haɗa ta da abin da ke riƙe ciki, ya kuma mai da ita ta lokaci ɗaya. Sai dai akwai sharaɗi, kuma in an karya shi duk hujjarmu ta rushe: alewar ta tsaya a madadin sukari. Wadda ta narkar da alewa ta kuma ƙara kofin sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, ba ragowa ta sarrafa ba, sabon biki ta buɗe.

Aikin kansa ba wuya, musamman a ƙasar da iyaye mata suka gaji yin kantu da gullisuwa da tuwon madara da kwakumeti. Abu na farko a zauna a ware, kuma wannan aikin yara ne, su ɓare takardu su tara iri iri. Warewar tana da dalili. Alewa mai ɗanɗanon lemo ko abarba akwai tsami a cikinta, in ta haɗu da madara a wuta sai madarar ta tsinke. Launuka kuma in aka gwama ja da kore da ruwan ɗorawa, abin da zai fito launin ruwan kwata ne, ba yaron da zai so shi. Cingam a fitar da shi gaba ɗaya, ba ya narkewa, tukunya kawai zai ɓata.

Masu tauri su ne na alewar gyaɗa ko kantun riɗi. A ƙulle su a tsumma mai tsabta a daddaka a turmi, a zuba a tukunya mai kauri da ruwa cokali 2 ko 3, a ɗora a wuta marar ƙarfi. In ta narke ta fara kumfa, a ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi. Idan ɗigon ya daskare ya karye ƙas, ta yi. Sai a juye soyayyiyar gyaɗa da aka murje, kamar ninki biyu na alewar, a juya da sauri, a zuba a faranti da aka shafa wa mai, a baje da bayan cokali, a yayyanka tun da sauran ɗumi, don in ta huce sai dai a fasa. Gyaɗar a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a jefar, domin irin wannan fumfunar tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Masu ɗanɗanon 'ya'yan itace kuwa sun fi dacewa da zoɓo: a jefa su a ciki tun yana da zafi a maimakon sukari, a ƙulla a leda a sa a firji in akwai wuta, in babu a sha haka nan.

A nan dole mu ja kunne. Narkakken sukari yakan kai zafin digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa nesa, kuma in ya zuba a fata mannewa yake yi ya ci gaba da ƙuna. Yaran da suka taya ɓare takarda, in an ɗora tukunya su fita waje. Goyo ma a sauke shi. In tsautsayi ya faru, a sa wurin a ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja ko gishiri kamar yadda aka saba, in ƙunar tana da faɗi kuma a nufi asibiti.

Tom Tom da 'yan'uwansa masu sanyaya maƙogwaro su kam ba su shiga kek, ba su shiga madara. Wanda ya gwada zai ji kamar yana cin man zafi. Ƙwaya ɗaya ko biyu a tukunyar shayi da citta da kanumfari a wannan sanyin hunturu, shi ne wurinsu. Kuma a lura, alewar ciwon maƙogwaro da ake saya a kantin magani, magani ce, ba ta cikin wannan lissafi.

Masu taushi irin su Eclairs da sauran alewar madara, a narkar da su a ɗan ruwan madara a wuta kaɗan, ana juyawa. Abin da zai fito ana iya zuba shi a kan fanke, ko a dama da garin madara a yi tuwon madara ba tare da an ƙara sukari ba. Busasshen kek da burodin jiya ma suna da mafita a nan: a yayyanka, a jiƙa da wannan madarar da aka kaɗa ƙwai 2 a ciki, a zuba a gwangwanaye da aka shafa wa bota, a gasa. Wadda ba ta da abin gashi na zamani ta san dabarar iyayenmu, wato tukunya da yashi a ƙasa, a jera gwangwanayen a kai, a rufe.

Cakulan shi ne mai shagwaɓa. Ba ya son wuta kai tsaye, yana ƙonewa nan da nan, ba ya kuma son ɗigon ruwa, don da ya taɓa shi sai ya dunƙule ya zama kamar tsaki. A sa shi a busasshen kwano, a ɗora kwanon a bakin tukunyar ruwan zafi, tururi ya narkar da shi. A ƙara bota cokali 2, a farfasa biskit, ko Cabin ne ko na NASCO ko ma cincin, a zuba da 'yar gyaɗa, a juya, a danna a cikin kwano, a rufe. A Jos ko Pankshin ko kan tsaunin Mambila sanyin dare kaɗai ya isa ya daskarar da shi kafin safiya; a Yola ko Lafiya sai an nemi firji. Kada wani ya raina wannan ya ce abincin talaka ne: irinsa aka yi, na biskit da cakulan, a matsayin kek na biyu a bikin auren Yarima William na Ingila a 2011. Wani abu kuma da ke sa mata zubar da cakulan a banza shi ne farin nan da yakan fito a bayansa kamar toka. Ba fumfuna ba ce. Man koko ne da ya narke don zafi ya sake daskarewa a sama, ko sukari da laima ta jawo. In ba wari, ba tsutsa, lafiyarsa ƙalau, kuma da an narkar da shi farin ya ɓace.

Me ya sa muka ce kafin Janairu ya ƙare? Domin hunturu ne ke yi mana gadi. Iskar yanzu busasshiya ce, alewa mai tauri ba ta samun laimar da za ta tsotsa, cakulan kuma yana zaune da ƙarfinsa. Man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, zafin da ɗakunanmu ke wucewa da zarar Maris ya kama. Daga nan sai damina ta zo alewa ta jiƙe ta manne da takarda, kiyashi su samu. Cincin kuma man da aka soya shi da shi yakan juya ya fara wari. Wannan ya kawo mu ga masu ɓoyewa, waɗanda ke kulle kwalin cakulan da aka kawo musu tsaraba a cikin akwati wai sai babban baƙo ya zo. Babban baƙon bai zo ba, Ista ta zo ta wuce, ranar da aka buɗe sai a tarar abin ya zama ɗan dunƙule.

Ga kuma maganar da muka ce sai mun faɗa wa juna gaskiya. Akan sami gidaje, har da ƙungiyoyi a cikin ikkilisiya, da sai kaya sun kai wannan hali sa'an nan a tuna da gidan marayu, ko yaran masu gadi, ko almajiran da ke zuwa ƙofa. A kwashi biskit da ya yi laushi, da alewar da ranar da aka buga a jikinta ta wuce da watanni, a kai, har a ɗauki hoto. Wannan ba kyauta ba ce, shara ce aka sauya wa wuri. Abin da ba za ki ba ɗan cikinki ba, uwargida, kada ki ba ɗan wani. Madafa ma ba ta gyara abin da ya riga ya lalace. Kek ɗin da ya yi fumfuna a gefe ɗaya, yanke gefen ba ya isa, don saiwoyinta sun riga sun ratsa ciki inda ido ba ya gani. A zubar da shi duka. Haka cincin mai warin tsohon mai. A duba kwanan watan da ke jikin leda, a duba lambar NAFDAC, musamman a kan kayan da aka sayo da araha a bakin titi ana gobe Kirsimeti, lokacin da wasu 'yan kasuwa ke fito da tsofaffin kaya. Cakulan na cikin kwandunan tsaraba da ake kawowa daga waje kuma a karanta jikinsa, domin wasu akwai giya a cikinsu.

Idan za a yi kyauta, a yi ta yanzu da kayan suke da kyau, kuma farantin alewar gyaɗa da aka yi da hannu ya fi mutunci a kai wa maƙwabci fiye da ƙwayoyin minti a leda. Maƙwabtanmu Musulmi da suka aiko mana da nama da cincin a lokacin Sallah, muka aika musu da shinkafa ranar Kirsimeti, ba za su ƙi wannan ba.

Akwai wani amfani da ba a cika tunawa da shi ba. Alewa mai tauri, ƙwaya guda mai santsi, tana daga cikin abubuwan da suka fi shaƙe ƙananan yara, shi ya sa likitoci ke hana ba da ita ga yaron da bai kai shekara 4 ko 5 ba. A gidan da gwangwanin alewa ke kan kabad, yayye ne ke ɗauka su miƙa wa ƙannensu, uwa ba ta sani ba. In an narkar da ita a zoɓo ko ta shiga cikin gasasshen burodi, wannan hatsarin ya kau. Alewar gyaɗa dai ita ma ba ta 'yan ƙanana ba ce, gyaɗar kanta tana shaƙewa. Su a ba su mai taushin.

Game da kwalayen da suka rage a majami'u, muna ganin aikin Zumuntar Mata ne, su da ba a koya musu tsari. Asabar ɗaya ta isa: malaman makarantar Lahadi su fito da abin da ya rage, kowace mace ta zo da na gidanta, wata ta kawo mudun gyaɗa, wata riɗi, wata gawayi. 'Yan mata su zo su gani, domin da yawansu sun iya sayen alewa a kanti amma ba su taɓa ganin yadda ake gane sukari ya nuna ba. Washegari bayan sujada a raba wa yara, kowa yanki ɗaya, ga ruwan sha a kusa. Ma'ajin ikkilisiya kuma ya rubuta yawan kwalayen da suka rage, don kwamitin bikin baɗi ya san adadin da zai saya. Dattawanmu masu ciwon sukari, waɗanda kunya takan hana su cewa a'a in an miƙo musu faranti a gaban jama'a, a ware musu soyayyiyar gyaɗa zalla tun kafin a zuba sauran a tukunya.